Ƙullutu a gaban kunne: a yi sakiya ko a tafi Yamai?

Assalamu alaikum Inna. Ina fatan kina lafiya, ya haƙuri da mu. Ɗiyata ce take rubuta mini wannan a waya. Shekaruna 39, a nan Tawa nake aure, ƴaƴana biyar.

Shekara shida ke nan wani ɗan ƙullutu ya fito mini a gaban kunnen hagu, can ƙasa wajen da ɗan kunne yake lilo. Da farko kamar ƙwayar gujiya, yanzu ya kai ƙwan zabo. Ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi, ina ci ina sha lafiya, in na taɓa shi yana ɗan motsi. Da hijabi nake rufe shi, ko a cikin mata ba na cirewa.

Uwar mijina ta ce hangum ne da bai fita ba ya kwanta. An shafa ƙasar gidan zanzaro, an shafa kanwa da man shanu, na sha kafso na masu talla har na gaji. Watan jiya na je asibiti, likita ya taɓa, aka yi hoton eko na leƙa cikin jiki, ya ce ƙari ne a inda yawu ke fitowa. Ya rubuta mini takarda zuwa Yamai wajen likitan kunne da hanci da maƙogwaro, ya ce aiki za a yi. Da na tambaye shi haɗarin abin, ya ce akwai jijiya a wurin, baki yana iya karkacewa. Inna, tun ranar ban yi barcin kirki ba.

Hajiya, uwar mijin nawa, ta ce ba za a yanka mata suruka a kan abin da ba ya ciwo ba. Akwai wanzamin gidansu, shi ya yi wa yarana maza kaciya, ya ce sakiya ɗaya zai yi ruwan ya fita. Maigidana yana Abijan wajen biɗa, ya ce in bi abin da Hajiya ta ce har ya dawo. Wata maƙwabciya kuma tana ce mini jifa ne. Ga bikin ɗiyata ta fari saura wata huɗu. In na tafi Yamai na dawo da karkataccen baki, da wane ido zan tarbi dangin ango? In bari a yi sakiyar, ko in bar shi tunda ba ya damuna, ko in tafi?

Wata baiwar Allah, Tawa

Wa alaikumus salam ɗiyata. Kada ki bari a yi sakiyar nan. Na sa wannan a gaba tun kafin gaisuwa ta yi nisa, don ko ɗiyar taki ta gaji da karatu a tsakiya, wannan dai ya isa kunnenki. Ba ƙarfe, ba aska, ba ƙaho, ba matsa. Sauran maganar duk ana iya zama a tattauna, wannan kam babu ciniki a cikinta.

Ba raina wanzaminku nake ba. Sakiya maganin maruru ce, inda mugunya ta taru tana neman hanya, a huda ta fita mutum ya samu barci. Abin da kika kwatanta mini ba maruru ba ne. Maruru ba ya shekara shida shiru, cikin kwanaki yake nuna, da zafi da zogi. Naki tsoka ce, ba ruwan da zai fito. In ya huda, jini zai gani da ɗan abu mai yauƙi, ya ce ai ga shi nan ya fara fita, a ɗaure da tsumma a koma gida. Ɓarnar ba a ranar take bayyana ba.

Bari in gaya miki abin da ke wurin, don na yi shekaru ina aikin jinya a ɗakin masu ciwon kunne da maƙogwaro a nan Yamai, kuma na lura mutum ya fi jin tsoron abin da ba a zana masa ba. Yawun da ke bakinmu manyan jakunkuna shida ne ke yin mafi yawansa, uku a dama uku a hagu. Ana ce musu jaka ne kawai, amma tsoka ce mai laushi, kamar hantsar akuya, sai dai ita yawu take tatsowa. Mafi girma tana gaban kunne, ta gangaro har kusurwar muƙamuƙi. Ita ce za ki ji likitoci suna kira farotid, kuma bututunta yana buɗewa a cikin kunci, daura da turamen haƙori na sama. Ta biyu tana ƙarƙashin muƙamuƙi, ta uku ƙarƙashin harshe. Ban da su akwai ƙanana ɗaruruwa a leɓe da ganɗa da cikin kumatu. Dukansu a yini guda suna iya ba da yawu lita 1, wani har lita 1 da rabi, muna haɗiyewa ba mu sani ba.

To ita wannan ta gaban kunne tana da wani abu da sauran ba su da shi. Jijiyar da ke motsa fuska tana fitowa daga ƙoƙon kai ta gindin kunne, ta kutsa cikin tsakiyar jakar, ta rabu gida biyar kamar yatsun hannu: ɗaya goshi, ɗaya ido, ɗaya kunci, ɗaya leɓen ƙasa, ɗaya wuya. Da ita kike ɗaga gira, da ita kike rufe ido, da ita kike murmushi kike riƙe hura a baki ba ta zubo ba. Rassanta sirara ne kamar zare. Likitan fiɗa kafin ya taɓa ƙarin, sai ya fara nemo tushen jijiyar, ya bi kowane reshe da ido yana ɗaga tsoka daga kanta a hankali, shi ya sa aikin yake cin awa biyu ko uku. Wanzami kuwa daga waje zai soka, bai ga komai ba. Karkacewar bakin da ta hana ki barci, ƙarfen sakiya ya fi wuƙar likita kusa da jawo miki ita.

Akwai ɓarna ta biyu, kuma ita ce ta fi ci mini rai. Ƙarin da ya fi fitowa a wannan wuri, wanda kuma ya fi kama da bayaninki (mace mai shekaru talatin zuwa hamsin, gefe ɗaya, ba ciwo, yana motsi, girma a hankali), likitoci suna ce masa adenom fileyomorf. Ba daji ba ne. Amma ɓawonsa siriri ne, wani wuri ma babu ɓawon, kuma cikinsa da laushi. In aka fasa shi, ƙwayoyinsa sai su watsu cikin naman wurin, kamar buhun gero ya yage a gona ana gab da ruwan shuka. Shekaru za su wuce lafiya, biyar, bakwai, har goma, sannan ya dawo, kuma ba guda ɗaya zai dawo ba. Na taɓa jinyar wani dattijo da aka tsaga masa irinsa a wani ƙaramin ɗakin magani, da allurar kashe zafi kawai, aka ce kitse ne aka matse. Ya zo mana bayan shekaru da ƙulle-ƙulle jere a kan tabon kamar ƴaƴan carbi. Aiki na biyu a cikin tabo ya fi na farko wuya nesa ba kusa ba, don jijiyar ta manne da nama, ba ta rabuwa da daɗi. Su kansu likitoci a da can haka suke yi, su ɓare ƙarin kawai su fitar, sai aka ga yana dawowa ga mutum 20 har 45 cikin 100. Da aka koma cire shi tare da lafiyayyen naman da ke kewaye da shi, dawowar ta faɗo ƙasa da 5 cikin 100. Saboda haka ba wanzami kaɗai nake hana ki ba. Ko mai farar riga ne ya ce miki ki kwanta ya cire shi yanzu-yanzu a minti goma, ki yi godiya ki ɗauki takalminki.

Zancen hangum ba zai ɗauke mu lokaci ba. Hajiya ta yi daidai a wuri, don hangum wannan jakar yake kumburawa. Amma ƙwayar cuta ce mai yaɗuwa, yawanci yara take kamawa, da zazzaɓi da zafin tauna, sau da yawa kumatu biyu, kuma cikin kwana goma ta sace. Ba ta kwanciya, ba ta barin ƙullutu. Ƙasar gidan zanzaro ta yi suna ne don ana shafa ta a kan ciwon da dama can zai tafi da kansa.

Tunda wasu za su karanta wannan da nasu kumburin, bari in ɗan ratse. Wanda ƙarƙashin muƙamuƙinsa ke kumbura da zafi daidai lokacin cin abinci, ko da ya ga lemun tsami, sannan ya sace bayan awa ɗaya ko biyu, wannan yawanci tsakuwa ce ta toshe bututun yawu. Tsakuwa 8 cikin 10 a jakar ƙarƙashin muƙamuƙi take fitowa, don yawunta ya fi kauri kuma bututunta sama yake hawa. Rashin shan ruwa yana taimaka mata, shi ya sa na fi jin kukanta lokacin bazara, da kuma in azumi ya faɗo cikin zafin Afrilu da Mayu: mutum ya kai dabino baki da magariba sai wuya ya ɗaure. Ƙarama takan fita da yawan shan ruwa, tsotson abu mai tsami, gashi da ruwan ɗumi da murzawa zuwa gaba. Babba sai an ciro. Wanda kuma wurin ya yi ja, ya yi zafi, ga zazzaɓi, ga ɗanɗanon mugunya a baki, ƙwayoyin cuta ne suka shiga, ya fi samun tsofaffi da majinyatan da jikinsu ya bushe, kuma maganin asibiti yake so a ranar. Kumburin gaban kunne biyu mai laushi wanda ya daɗe, akan duba sukari, a duba tarin fuka, a duba ƙanjamau, don duk suna iya kawo shi. Dattijo mai shan taba yana da nasa ƙarin daban, mai suna Wartin, wanda wani lokaci yake fitowa ta gefe biyu. Naki bai yi kama da ko ɗaya cikin waɗannan ba.

Mu dawo kan hujjar Hajiya, don ita ce hujjar kowa: abin da ba ya ciwo. Mu Hausawa da zafi muke auna cuta. Wanda haƙori ya hana barci da asuba yana bakin asibiti, wanda ƙari ke girma a wuyansa shiru sai ya sayi babban rawani. A wannan jaka, rashin ciwo alama ce mai daɗin ji, ban ƙi ba. Cikin ƙari 10 da ke fitowa a gaban kunne, kusan 8 ba daji ba ne. (A jakar ƙarƙashin muƙamuƙi kusan rabi da rabi ne, a ƙananan na ganɗa da ƙarƙashin harshe kuwa daji ya fi yawa. Iya ƙanƙantar jaka, iya yawan zargi.) Amma biyun nan da suka rage cikin goma, da yawansu su ma shiru suke farawa, suna motsi, ba ciwo, hannu ba ya bambanta su da mai lafiya. Shi ma kuma adenom ɗin ba ya tsayawa. Da magani ba ya narkewa, kafson da kika sha duk asarar kuɗi ce da wahalar ciki. Girma zai ci gaba da yi, kuma in ya daɗe yana iya rikiɗa. A shekaru biyar na farko abin kaɗan ne, bai kai 2 cikin 100 ba. In ya haura shekara 15 yana zaune, yakan kusa 10 cikin 100. Ke kin ci shida. Ba ki makara ba ko kusa, amma a shekaru 39, barin shi yana nufin ki ɗauke shi shekara talatin ko arba'in nan gaba in Allah ya ba da rai, yana girma yana shimfiɗa jijiyar a bayansa. Cire ƙwan zabo daga kan zare da cire mangwaro daga kansa ba ɗaya ba ne.

Yanzu gaskiyar aikin, ba tare da na shafa mata zuma ba. Likitanku na Tawa bai yi ƙarya ba, kuma na yaba masa da ya faɗa miki. Bayan aiki mutane da dama, kamar 1 cikin 4 ko 5, sukan farka da rauni a gefen fuska. Yawanci leɓen ƙasa ne, in an yi murmushi ya ɗan ja gefe, wani lokaci ido ba ya rufuwa sosai. Wannan ba yankewa ba ce, jijiyar ce ta sha taɓi ta yi fushi, kuma takan dawo cikin makonni ko ƴan watanni. Wanda ya zauna har abada, a aikin farko kan ƙarin da ba daji ba kuma a hannun wanda ya saba, bai kai 5 cikin 100 ba. Ba sifiri ba ne, ba zan ce miki sifiri ba ne. Amma lissafin yana ƙara muni da girman ƙarin, da tabon sakiya, da aiki na biyu.

Akwai ƙananan abubuwa da ba a cika faɗa ba sai mace ta gani ta tsorata. Fatar kunne ta ƙasa za ta daina jin taɓi, ki sa ɗan kunne ba ki ji ba, wata shida ko fiye, wani lokaci ba ta dawowa duka. Wurin zai ɗan lotsa. Tsagar tana bin gaban kunne, ta zagaya ƙarƙashinsa, ta sauka cikin layin wuya, kuma in ta warke ɗankwali ma yana rufe ta, balle hijabi. Za a sa ɗan siririn tiyo kwana ɗaya ko biyu don jini ya fita, a cire zaren ɗinki bayan wajen mako guda. Bakinki ba zai bushe ba, sauran jakunkunan sun isa. Sai wani abin mamaki da kan zo bayan watanni: wasu in suna cin abinci, kuncin da aka yi wa aiki ya riƙa gumi. Jijiyoyin da ke ba da umarnin yawu ne suka tsiro suka ɓata hanya, suka kama na gumi. Wata likita ƴar ƙasar Folan mai suna Lusiya Firai ce ta bayyana shi a 1923, har yau da sunanta ake kiransa. Ba haɗari ba ne, kada wata maƙwabciya ta ce miki jifan ne ya dawo.

Ki sani kuma, zuwa Yamai ba shi ne hawa gadon fiɗa ba. Tafiyar farko ta awo ce. Ki riƙe takardar da likita ya ba ki da hoton eko, ki nemi sashen kunne da hanci da maƙogwaro, wanda ake kira O-ER-EL, akwai shi a Babban Asibitin Ƙasa da kuma babban asibitin Referans. Za su duba fuskarki, su leƙa cikin baki, su lalubi wuya ko akwai ƙaluluwa. Wataƙila su sake eko, wataƙila su nemi hoton babbar na'ura, sikana ko I-ER-EM, don su ga zurfinsa. Sannan akwai awon allura: siririyar allura, ba ta kai ta ɗibar jini kauri ba, a tsotso ɗan abu a shafa a gilashi a duba a madubin likita. Na san abin da Hajiya za ta ce, to wannan ba sakiya ba ce? Ba ita ba ce. Ramin allurar ƙarami ne ƙwarai, ba ya fasa ƙarin ya watsa shi, kuma ba don a fitar da ruwa ake yi ba, don a san sunan abin ne kafin a taɓa shi. In an zo maganar aiki, kada kunya ta hana ki tambaya: likita, kana yawan yin irin wannan? Za a nemo jijiyar? Abin da aka cire ina za a kai shi? Wannan ta ƙarshen ki riƙe ta da kyau. Dole a kai naman awo, anafat suke cewa, kuma dole wani ya koma ya karɓo sakamakon, don shi ne hukunci na ƙarshe, ya fi na allura tabbas. Na ga mutane da yawa sun ji sauƙi sun hau mota sun bar takardarsu a Yamai.

In kuma, Allah ya kiyaye, awo ya nuna daji ne, ba ƙarshen magana ba ne. Da yawa cikin dajin jakar yawu masu tafiyar hawainiya ne, aiki yana gamawa da su in an zo da wuri. Wanda ke buƙatar gashi da na'ura, tun 2021 ana yin sa a Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa a nan Yamai. Kafin nan sai mai hali, ko wanda aka fitar waje.

Kafin ki tafi, kowace Juma'a ki tsaya gaban madubi: ɗaga gira, runtse ido da ƙarfi, kumbura kumatu, yaƙe haƙora. Ɗiyarki ta ɗauke ki a waya sau ɗaya ki ajiye, zai yi amfani a gwada daga baya. In kin ga gefe ɗaya ya fara nauyi, ko ƙullutun ya yi saurin girma cikin makonni, ko ya taurare ya daina motsi, ko ya fara ciwo, ko fatar kansa ta canza, ko wani ya fito a wuya, ko baki ya ƙi buɗuwa sosai, to babu jiran biki, babu jiran mai Abijan. Mutanenmu in baki ya karkace sai a ce iska ce ta buge shi. Akwai irin wannan da ke zuwa dare ɗaya ya warke da kansa, amma karkacewar baki tare da ƙullutu a gaban kunne magana ce daban, ta gaggawa.

Sauran aikin a cikin gida yake, kuma na san ya fi na asibiti nauyi. Hajiya ba maƙiyiyarki ba ce. Matar da ta ce ba za a yanka mata suruka ba, so ne ya sa ta faɗa. A zamaninta wanda aka ɗauka zuwa Yamai don aiki, sau da yawa sai da ciwo ya gama cin sa ake ɗaukarsa, shi ya sa a idonta tafiyar ce ke kisa. Kada ki yi musu da ita, kada ki ce mata likita ya fi wanzami sani, za ki rasa ta ne kawai. Ki roƙe ta ta raka ki wajen likitan nan na Tawa, ki ce ke ba ki gane bayaninsa ba, kina son babba ta ji da kunnenta. Ki sanar da shi tun kafin ku shiga cewa ana maganar sakiya a gida. Tsofaffi suna sauka in an ba su girmansu, kuma wadda aka nemi shawararta a gaban likita ba ta cika komawa ta kira wanzami ba. In da hali ma ita ce ƴar rakiyarki zuwa Yamai, ko da yake hanyar Ƙonni da Dogondutsi da Doso, sama da kilomita 500, ba wasa ba ce ga tsohuwa. Tofi, rubutu, addu'a, sadaka, duk ki karɓa da hannu biyu ki ce amin. Ba su hana awo ba, awo bai hana su ba, kuma Manzon Allah (SAW) ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Abin da zai huda fata ko ya ƙona ta kawai za ki ƙi. Maƙwabciya mai zancen jifa kuwa, ki gaishe ta ki wuce. Wannan ƙarin yana fitowa ga matan Faransa da na Sin da ba su taɓa jin sunan kishiya ba.

Maigidanki kuma, “bi abin da Hajiya ta ce” maganar mutumin da ke nesa ce, wanda ba ya son rigima ta tashi a bayansa. Ina zaton bai san girman abin ba, tunda ke da kanki kin ce ko a cikin mata ba kya cire hijabi. Yaushe rabon da ya gan shi da rana? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki ɗauki hoton wurin daga gaba da gefe, ki ɗauki hoton takardar likita, ki tura masa ta WhatsApp. Kada ki tambaye shi ko ki yi aiki. Ki nemi izinin zuwa awo, wannan ya fi sauƙin bayarwa, kuma gaskiya ce, awon za ki. In yana da wa ko kawu da yake jin maganarsa, a bi ta nan. Likitoci da yawa ba sa ƙin yin magana da miji a waya minti biyu in an roƙe su.

Sai bikin. Ra'ayina shi ne ki tafi awo cikin wannan watan, kada ki jira. In sakamako ya nuna irin mai lafiyar ne, ki gaya wa likitan ranar bikin ƙarara. Ƙarin da ya shekara shida yana tafiya a hankali, yawanci wata huɗu ba za su canza shi ba, kuma mai yiwuwa ne ya yarda a sa aikin bayan an kai amarya, ki tarbi dangin ango da fuskarki yadda take, hankalinki kwance. Shi zai yanke wannan, ba ni ba, ba Hajiya ba. Amma ki fito daga ofishinsa da rana a rubuce. Na san mu: bayan biki sai azumi, bayan azumi amarya ta samu ciki, sai goyon ciki, sai suna, sai auren ta biyu, ƙwan zabo ya zama albasar Galmi. In kuwa sakamakon ya zo da shakka, aiki ne gaba, ƙannenki da ƙawayenki su riƙe bikin, ɗiyarki ta fi bukatar uwa a ranar sunan ɗanta na fari fiye da uwa a hoton biki.

Kuɗin awo da na mota da na masauki ki ware su yau, daga adashi ko daga abin da aka turo, ki ba wata amintacciya ta riƙe miki kafin kayan ɗaki su haɗiye su. Ki nemi dangi ko ƴan garinku da za ki sauka wajensu a Yamai, don awon allura da sakamakonsa ba a yini ɗaya suke ƙarewa ba, kina iya yin mako ko fiye. Ki tafi da duk takardunki a leda ɗaya, har da kwalayen magungunan da kika sha. In kin dawo ki sa ɗiyar nan ta sake rubuto mini abin da allurar ta nuna. Ki gaishe mini da Hajiya.